Bayan An Ajiye Ƙwaya: Ciki Ne, Ko Jiki Ne Ke Komawa Kan Lissafinsa?

Ranar sunan jikan wata maƙwabciyarmu a Aboabo, bayan an ci an sha, mata sun rarrabu ana hira, ƙanwata ta kama gefen mayafina ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce, "Yaya, yau mako biyar da na ajiye ƙwayar tazarar haihuwa. Nonona ya yi nauyi, marata na tsunkulina ta gefe ɗaya, ga kasala, kuma har yanzu ban ga wata ba. Ciki ne?" Na tambaye ta ko ta yi gwaji. Ta ce a'a, amma Mma ta kalli idonta da wuyanta ta ce an samu. Wata ƙawarta kuma da suke sayar da atamfa tare a Kejetia ta ce ba wani ciki, ragowar ƙwaya ce ta taru a mahaifa, ta nemi maganin wanki ta sha.

Su biyun da zuciya ɗaya suka yi magana, ban yi shakka ba. Sai dai in ƙanwata ta bi ta Mma, tana iya shafe wata biyu tana lallashin cikin da babu shi, ranar da jini ya zo kuma ta ɗauka ɓari ta yi, ta shiga kuka. In ta bi ta ƙawarta, tana iya ɗura wa cikin da ke nan abin da zai taɓa shi. Wannan tsaka mai wuya mata da yawa a zangonninmu na Kumasi sun shige ta, daga Asawase zuwa Tafo, kuma yawanci a ɓoye, domin maganar ƙwayar tazarar haihuwa ba a yin ta a tsakar gida.

Kafin a fahimci abin da ke faruwa bayan an daina, sai an san abin da ƙwayar take yi lokacin da ake sha. A jikin mace akwai saƙo da ke kai da komowa kowane wata tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa shi ke aika sinadarin da ke nunar da ƙwai, sannan ya aika na biyu wanda ke sa a saki ƙwan. Ma'ajiyar ƙwai kuma tana mayar da amsa da nata sinadaran guda biyu, istrojin da firojestaron. Ƙwayar da aka fi sani a nan, irin su Microgynon, tana ɗauke da kwaikwayon waɗannan biyun. Idan mace na sha kullum, ƙwaƙwalwa sai ta ga kamar an riga an gama aiki, ta daina aika saƙo, ƙwai ya ƙi fita. Bayan haka ruwan bakin mahaifa yana yin kauri ya tare wa maniyyi hanya, shimfiɗar cikin mahaifa kuma ta zama siririya.

Ga wani abu da mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Jinin da ake gani a ƙarshen kowane kati, lokacin da aka gama ƙwayoyi 21 masu aiki aka shiga bakwai ɗin nan masu launin ƙasa-ƙasa, ba al'adar da jiki ya shirya da kansa ba ce. Waɗannan bakwai babu maganin hana ciki a cikinsu, a wasu katunan ƙarin jini ne kawai. Da sinadarin ya yanke, siririyar shimfiɗar nan sai ta zubo. Shi ya sa jinin ke zuwa kan kari, kaɗan, ba ciwo sosai. Mace tana iya shekara huɗu tana ganinsa duk kwana 28 cif, ta ɗauka al'adarta ce ta daidaita, alhali katin ne ke riƙe da lissafin. Ranar da ta ajiye katin, lissafi ya koma hannun jikinta, shi kuma sai ya ɗan yi lalube kafin ya kama hanya.

Sinadarin da ke cikin ƙwayar ba ya daɗewa. Hanta na sarrafa shi, ya fita ta fitsari da bayan gida, cikin kwana biyu zuwa 'yan kwanaki ya kau. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake shan ta kullum, kuma mantuwar kwana biyu ko uku ke iya jawo ciki. Abin da mantuwar kwana uku ke karya ƙarfinsa, ta yaya zai taru a mahaifa shekara da shekaru? Ƙwaya ba ta ma bi ta mahaifa a matsayin ƙwaya, a ciki take narkewa ta shiga jini kamar kowane magani. Saboda haka babu wani datti da ya rage da za a wanke. Ina jaddada wannan ne don kasuwar maganin wankin mahaifa tana ci a kan wannan tsoron: jiƙe-jiƙe a gorar roba, sassaƙe masu ɗaci, da waɗanda ake tallata su a mota da lasifika. Ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsu, kuma ana shan su ne daidai lokacin da ƙila ciki ɗan mako uku ya riga ya zauna.

Da ƙwaya ta fita, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da aika saƙonta. Wata mace cikin mako biyu ƙwanta ya fita, wata sai bayan mako biyar ko shida. Mafi yawan mata al'adarsu ta dawo kafin wata uku. Jinin da ke zuwa kwana biyu ko uku bayan ƙwaya ta ƙarshe bai shiga lissafi ba, na yankewar magani ne. Al'adar gaskiya ita ce ta bayansa, kuma ita ce ke iya jinkiri.

A nan ne mata ke faɗawa rami. Ƙwai yana fita ne kafin al'ada, da kamar kwana 14. Jinin al'ada labari ne na abin da ya riga ya wuce, yana cewa an saki ƙwai bai haɗu da komai ba. Ke nan macen da ta ce bari ta jira ta ga jini sau ɗaya tukuna kafin ta san ta koma ɗaukar ciki, ta makara da mako biyu. Tana iya ɗaukar ciki ba tare da ta ga al'ada ko sau ɗaya ba bayan ajiye ƙwaya. Ƙwan da aka saki bai wuce kwana ɗaya yana jira ba, amma maniyyi yana iya zama da rai a jikin mace har kwana biyar. Har ma kwanciyar da aka yi kwana biyu ko uku kafin a ajiye katin a tsakiya tana iya zama ciki in ƙwai ya yi saurin fita. Wadda take neman haihuwa, wannan albishir ne, kuma cikin da aka samu a watan farko ba shi da ƙarin haɗarin ɓari ko nakasa saboda ƙwayar da aka sha a baya. Wadda kuwa ta daina don ciwon kai ko hawan jini, ba don tana son ciki ba, tana bukatar wata hanyar tun daga ranar da ta daina, ba sai wata mai zuwa ba.

To, alamomin fa? Nauyin nono, kumburin ciki, kasala, yawan barci, saurin fushi, kwaɗayi, ɗumin jiki. Duk wata uwa a Zango za ta lissafa miki su a matsayin alamun shigar ciki, kuma ba ta yi ƙarya ba. Matsalar ita ce sinadari ɗaya ne ke kawo su, wato firojestaron, kuma jiki yana ƙara shi bayan kowane sakin ƙwai, ko an samu ciki ko ba a samu ba. Gurbin da ƙwan ya bari shi ke zuba shi a jini na tsawon kusan mako biyu, yana gyara shimfiɗa ko baƙo zai zo. In bai zo ba, sinadarin ya sauka, jini ya zubo. In ya zo, sinadarin ya ci gaba da hawa. A cikin waɗannan makonni biyun, jikin mai ciki da na marar ciki abu ɗaya suke ji. Ƙara da cewa macen da ta shekara uku tana shan ƙwaya ta shekara uku ba ta ji wannan hawa da sauka ba. Ta manta yadda yake. Da ya dawo mata sai ta ji shi sabo fil, da ƙarfi, ta rantse ba ta taɓa jin irinsa ba sai lokacin cikin ɗanta na fari.

Tsunkulin mara ta gefe ɗaya da ƙanwata ta ji, sau da yawa shi ne fitar ƙwan kansa, yakan yi awoyi ko yini ɗaya ya wuce. Haka ma ruwan da ke fitowa ta gaba, fari garau mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke firgita wasu su ruga neman maganin sanyi. In babu ƙaiƙayi, babu wari, babu zafi, wannan ba sanyi ba ne. Alama ce ta cewa kwanakin ɗaukar ciki sun zo, kuma ƙwaya ce ta ɓoye shi a da. Shi kuwa laulayi na gaskiya, tashin zuciya da amai da ƙin warin miya, yawanci sai kamar mako biyu bayan ɓatan wata yake farawa. Wadda ta ji tashin zuciya kwana uku bayan kwanciya, ta nemi dalilinsa a wani wurin.

Wani wurin kuwa a Kumasi, da farko maleriya ce. Ɗacin baki, kasala, ciwon kai, tashin zuciya, ciwon gaɓoɓi: rabin alamun sabon ciki ke nan, musamman da damina. Ana yin kuskuren ta fuska biyu. Wata tana da maleriya ta zauna tana jiran ciki, wata tana da ciki ta je kemis ta sayo maganin maleriya da na ciwon jiki ta haɗa ta sha. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba. Kuma duk macen da ta ajiye ƙwaya, ya kamata ta saba da faɗin jimla ɗaya a gaban duk mai ba ta magani: "Ƙila ina da ciki." Kunya ba ta da wuri a nan, domin akwai magunguna na hawan jini, na farfaɗiya, na ƙurajen fuska, da wasu na kashe ƙwayoyin cuta da ba a so mai sabon ciki ta sha.

Abin da ke raba gardama shi ne tsinken gwajin fitsari, wanda kusan kowane kemis a Aboabo da Asawase ke sayarwa da kuɗi kaɗan. Abin da yake nema wani sinadari ne da mahaifa ba ta samun sa sai ɗan tayi ya manne a jikinta, kuma mannewar kan faru kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Daga nan sinadarin ke ta ninkuwa duk kwana biyu ko uku har ya kai yadda tsinke zai gan shi. Mai al'ada daidaitacciya takan gwada ranar da wata ya ɓace mata. Amma wadda ta ajiye ƙwaya ba ta san ranar da za ta sa rai ba, don haka ta yi lissafi da wani abu dabam: kwana 21 daga kwanciyar ƙarshe da aka yi ba kariya. Ta yi da fitsarin farko na asuba, kafin koko da shayi su tsinka shi, ta karanta cikin mintunan da aka rubuta a takardar. Layi biyu, ko na biyun ya yi dishi-dishi, ciki ne. Layi ɗaya kuma al'ada ba ta zo ba, ta sake bayan mako guda. Ƙwayar da ta sha a baya ba ta canza sakamakon gwaji, ko ta wace fuska. Wadda ta gwada kwana biyar bayan kwanciya ta ga layi ɗaya ta saki jiki, ba abin da ta gwada.

In gwaji ya nuna ciki, akwai wata 'yar matsala ta lissafi. A wajen awo ungozoma za ta tambayi ranar al'adar ƙarshe, domin daga nan ake ƙirga makonni 40. Macen da ba ta ga al'ada ba tun ajiye ƙwaya, ko ƙwanta ya yi jinkirin fita, lissafin nan zai iya kuskurewa da mako biyu ko uku. Ta faɗa wa ungozoma gaskiya cewa ta sha ƙwaya, da ranar da ta daina. Hoton ciki da aka ɗauka a wata ukun farko shi ya fi kowane lissafi daidai. Tun 2008 awon ciki da haihuwa suna ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, don haka a duba katin NHIS ko yana aiki tun kafin a bukace shi.

Sauran canje-canjen jiki, yawancinsu komawa ce ga yadda mace take a da. Wadda tun tana budurwa al'adarta ke zuwa da murɗar mara da jini mai yawa, ƙwaya ta sauƙaƙa mata, yanzu abin zai dawo. Ƙurajen fuska kan fito a haɓa da kumatu bayan wata biyu ko uku, saboda ƙwayar tana danne sinadarin da ke sa fata maiƙo. Wasu gashinsu kan zuba fiye da kima bayan 'yan watanni, irin zubar da ake gani bayan haihuwa, sannan ya tsaya da kansa. Sha'awa kan ƙaru ga wasu, musamman a tsakiyar wata. Maganar ƙiba kuwa, abin da ƙwaya ke riƙewa yawanci ruwa ne kaɗan, don haka kada a sa ran rama mai yawa, kada kuma a ɗora mata kowace ƙiba. A kan ƙuraje ina da roƙo ɗaya: kada a bi su da man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa. Wasunsu na ɗauke da sinadarai masu shiga jini ta fata, ga kuma yiwuwar ciki.

Akwai maganar da ta fi ci mini rai, wato cewa ƙwaya na mayar da mace juya. Na sha jin ta a wajen biki, har an taɓa faɗa wa wata a gabana, a gaban kishiyarta. Abin da bincike ya nuna shi ne, cikin mata goma da suka ajiye ƙwaya don neman ciki, kusan takwas sun samu kafin shekara ta zagayo, daidai da waɗanda ba su taɓa sha ba, kuma yawan shekarun da aka yi ana sha bai canza wannan ba. To me ya sa zargin ya ƙi mutuwa? Ina ganin dalili uku ne suka haɗu suka ba shi ƙafa. Ana cakuɗa ƙwaya da allura. Allurar wata uku ita ce ke jinkirta dawowar haihuwa, sau da yawa kusan wata goma daga allurar ƙarshe, wasu har shekara ɗaya da rabi, sannan ta dawo. A Gana kuwa masu allura da ashanar hannu sun fi masu ƙwaya yawa, sai labarin wannan ya shafi wancan, duk a kira su famili filanin. Sannan shekaru: wadda ta fara sha tana da 29 ta ajiye tana da 38, ƙwanta ya ragu, kuma zai ragu ko da ba ta taɓa ganin ƙwaya ba. Na ukun shi ne ya fi ɓoyuwa. Ƙwaya na rufe matsalar da ke nan tun asali. Macen da ƙwanta ba ya fita kan kari, mai al'ada sau huɗu ko biyar a shekara, da gashi a haɓa da ƙuraje, katin ƙwaya zai ba ta jini duk wata, ta manta da matsalar. Ranar da ta daina, matsalar ta fito inda aka bar ta. Haka ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa a tsakanin matan baƙar fata, da toshewar hanyar ƙwai da wani tsohon ciwon sanyi ya bari. Ƙwaya ba ta kawo su ba, ta dai yi musu lulluɓi.

Shi ya sa wata uku ke da muhimmanci. In wata uku sun cika babu al'ada, gwaji kuma ya ce babu ciki, lokacin zuwa asibiti ya yi, ko Manhyia, ko Tafo, ko duk wanda ya fi kusa. Za a duba abubuwa sanannu: ƙullutun wuya da ke tafiyar da ƙarfin jiki, sinadarin da ke kawo ruwan nono, sukari, rama ko ƙiba mai yawa, damuwa. Mai shayarwa kuma lissafinta dabam ne, domin shayarwa kanta na iya riƙe al'ada. Amma kada ta dogara da haka in yaro ya wuce wata shida ko ya fara cin abinci, don ta nan kwanika ke shigowa. A nan ma nake roƙon a yi hattara da maganar kwantaccen ciki. Mace ta yi wata biyar ba jini, ciki bai tasa ba, a ce mata ya kwanta ne, a shiga neman maganin tayar da shi. Hoton ciki na minti goma zai nuna ko akwai ɗa ko babu, in babu kuma a kama neman ainihin dalilin tun da wuri.

Ga mace Musulma akwai wani nauyi da likita ba zai tambaye ta ba. A watannin farkon nan jini kan yi wasa, ɗigo yau, tsarki gobe, ruwan ƙasa-ƙasa jibi. Ta yi salla ko ta bari? Azumin fa? A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, haila ba ta wuce kwana 15, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana 15 ne, kuma mai al'ada sananniya takan ƙara kwana uku a kan kwanakinta ta jira, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Amma wace al'ada za ta ɗauka a matsayin tata, ta kafin ƙwaya ko ta lokacin ƙwaya? Wannan tambaya ce ta malamai, kuma malamar Islamiyya ba za ta iya amsawa da kyau ba sai an kawo mata ranaku. Don haka nake ba kowace mace shawara ta riƙa rubutawa, a kalanda ko a waya: ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, launinsa, yawansa. Takarda ɗaya ce za ta yi wa malama aiki, ta yi wa ungozoma. Wadda aka saka kuma tana idda a daidai wannan lokacin, ta fi kowa bukatar gwaji da rubutu, tunda iddar mai ciki haihuwa ce.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana ba da damar jira. Akwai wanda ba ya ba da ita. Cikin kowane ciki ɗari, ɗaya ko biyu kan zauna a wajen mahaifa, galibi a siririyar hanyar da ƙwai ke bi. Wurin ba ya buɗewa, in ɗan tayi ya girma sai ya fashe, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Alamunsa: ɓatan wata, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara wanda ba ya lafawa, ɗigon jini baƙi-baƙi, jiri, sanyin hannu da gumi, wani lokaci ciwo a kan kafaɗa, ko suma. Macen da ta ajiye ƙwaya ta fi shiga haɗarin yin sakaci da shi, domin ta riga ta sa a ranta cewa rikicewar jini da ciwon mara duk na barin ƙwaya ne. Wadda ta ga haka, ko da tsakar dare ne, a sa ta a mota zuwa asibitin da ake tiyata, irin Komfo Anokye, wanda tsofaffinmu ke kira Ji. Kada a tsaya dafa mata ruwan zafi, kada a jira maigida ya dawo daga Suame. Haka jinin da ke jiƙa ƙunzugu duk awa, ko zazzaɓi tare da ruwa mai wari.

Wasu abubuwa biyu na ƙara dagula lissafi a garin nan. Ɗaya ƙwayar gaggawa, irin su Postinor-2, wadda wasu ke komawa gare ta bayan sun ajiye ta kullum, suna sha duk bayan kwanciya. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne, ana shan ta cikin awa 72, kuma takan gusar da al'ada gaba ko baya, ta kawo ɗigo da tashin zuciya da ciwon nono. Mai shan ta sau uku a wata ba za ta ƙara gane kan jikinta ba, kuma kariyarta ba ta kai ta kullum ba. Ɗayan kuma ɗabi'ar sha a ajiye. Matar boga, wato mai miji a Turai, takan daina in miji ya koma Jamus ko Italiya, ta ɗauka in zai dawo. Wata kuma takan ce bari ta hutar da jikinta wata biyu. Jiki ba ya bukatar wannan hutun, kuma ɗan haɗarin daskarewar jini da ke tare da ƙwaya mai sinadari biyu ya fi yawa a watannin farko na farawa, ko na sake farawa bayan hutun wata ɗaya ko fiye. In an sake ɗauka a tsakiyar wata, sai an sha kwana bakwai a jere kafin ta fara karewa. Matar da ta fara sha ranar da jirgin maigida ya sauka a Ankara, babban birnin Gana, makon farkon nan a buɗe take.

Wadda ta ajiye don tana son haihuwa, akwai aikin da ya kamata ya riga cikin. Ƙwayar folik asid, maikrogiram 400 kullum, a fara tun kafin a daina ƙwayar tazara in da hali. Dalili shi ne lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba. Wadda ta jira sai ranar awon farko a wata na huɗu, wannan ƙofar ta rufe. Sai gwajin sikila na mata da miji. A Gana kusan jarirai biyu cikin ɗari ake haifa da cutar, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun daga haihuwa a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Abin kunya ne a ce a garin da aka fara wannan aiki har yanzu akwai ma'auratan da ba su san ko suna ɗauke da sikila a jininsu ba. A auna hawan jini da sukari, a duba ƙarancin jini. In an shekara ana nema ba a samu ba, ko wata shida ga wadda ta haura 35, a je asibiti, kuma a je su biyu. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, kuma a kaso mai yawa na ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, matsalar na wajensa ko ta haɗa da shi. Ba adalci ba ne mace ta sha jiƙo shekara uku tana ɗauke da laifin ƙwayar da su biyu suka yarda a sha.

Ƙanwata ta sayi tsinke biyu a hanyarmu ta komawa gida ranar sunan. Washegari da asuba ta kira ni: layi ɗaya. Na ce ta ajiye na biyun sai mako ya zagayo, kada ta sha komai sai folik asid, in ciwon gefen nan ya tsananta kuma ta kira ni ko ƙarfe nawa ne. Na biyun ma layi ɗaya ya nuna. Kwana huɗu bayansa jini ya zo, mai yawa, da murɗar marar da ta rabu da ita tun kafin aurenta. Ta rubuta ranar a bayan littafin da take lissafin atamfa, ta ce, "Yaya, daga yau zan fara ƙirge."